Kuɗina sun maƙale a manhaja, ya zan cire su zuwa MoMo (asusun kuɗi na waya)?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, ɗinki nake yi. Da dare bayan isha'i ina taɓa aiki a wata manhaja da ba a san ta sosai ba: su turo jimloli na karanta da Hausa, na naɗi muryata, wani lokaci kuma su ce na ɗauki hoton farashin kaya a kasuwar Kejetia. Da dala suke biya, kaɗan-kaɗan, har sun taru sun kai kuɗin makarantar ƙanwata.

Wajen cirewa na tsaya cak. PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, kawai suke nuna min, shi kuma ba ya buɗe wa mazauna Gana asusu. Na buɗe asusu a Payoneer, wani kamfani irinsa, da katin shaidata na Ghana Card, don shi yana turo kuɗi zuwa bankin gida da sidi, amma babu shi a zaɓin da aka ba ni. Na rubuta wa masu manhajar, amsa ɗaya suke maimaita min.

Wani a unguwa ya ce na sa asusunsa da ya buɗe da adireshin wata ƙasa, ya cire rabonsa ya turo min sauran ta MoMo. Hankalina bai kwanta ba, domin sunan ba nawa ba ne, kuma idan aka rufe asusun, gumina ya tafi kenan.

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, akwai halastacciyar hanya? Idan yayana da ke Jamus ya karɓa da nasa asusun, za su dakatar da ni?