Zare: wace kalma za mu ba "traumatisme" da Hausa?

1.
Salamu alaikum ƴan uwa. Yau da roƙo na zo. Ni tafinta ne a nan Tawa. Kwana uku a mako ina zama tsakanin wata ma'aikaciya da ta karanci halayyar ɗan Adam (Madam muke ce mata), wadda Faransanci ya fi zama a bakinta, da mutanen da ke kawo mata abin da ya hana su barci. Ta faɗa in juya, su faɗa in mayar. Yanzu an ce mu rubuta ƴar takarda da Hausa wadda za a riƙa karantawa a rediyo da wurin awon ciki, kuma kalma guda ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi: traumatisme. Ina da abin da na fi so, amma sai na ji naku.

2.
Bari in fara da tonon asirin kaina. A watannina na farko an kawo wata dattijuwa daga bakin iyaka, wajen Bangi ta ƙasar Madawa, cikin waɗanda ƴan bindiga suka koro daga garuruwansu. Ta yi bayani a hankali, Madam ta saurara, sannan ta ce in gaya mata abin nan yana da suna, kuma ba ita kaɗai yake samu ba. Ni kuwa da azarɓaɓina na ce, "Inna, Madam ta ce wani ɗan taɓin hankali ne da ke samun wanda ya ga tashin hankali."

Ba ta ce uffan ba. Ta gyara lulluɓinta, ta jawo takalmanta da yatsan ƙafa, sannan ta dube ni. "Ɗana, ni lahiyata lau. Kwana ne ba ni samu. In ba ku da maganin kwana, ku sallame ni in tahi."

Ta tafi. Madam ta tambaye ni me ya faru, na rasa bakin magana. Ita ba ta yi kuskure ba, ni na kwafsa. A ƙasar nan ko yaro ya san abin da ake nufi in an ce za a kai wane Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai. Da kalma biyu na ɗauki tsohuwar nan na ajiye ta a bakin wannan ƙofar, alhali ita barci ta zo nema.

3.
Kafin mu raɗa wa jariri suna, mu ga fuskarsa. Asalin kalmar daga Girkanci ne, kuma ma'anarta ciwon da aka ji a jiki, irin na sara ko suka. Har gobe likitocin da suka yi karatu da Faransanci da ita suke kiran buguwar kai a haɗarin moto, kuma sashen masu karaya ma daga ita aka cira sunansa. Daga baya aka ara ta aka yafa wa abin da ba a gani da ido. A 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon da ke biyo bayan irin wannan masifa cikin kundinsu a matsayin ciwo mai zaman kansa, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Alamunsa kuwa Bahaushe ya daɗe da saninsu. Abin da ya wuce ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko ido biyu. Ya riƙa kauce wa hanya, ko wuri, ko maganar da za ta tuna masa. Ya zauna kullum a ɗarare, ƙofa ta buga ya zabura. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ai ba yau aka faɗa ba. Yawancin mutane abin yakan lafa da kansa cikin ƴan makonni, musamman in akwai dangi a kusa. Sai ya zarce wata guda yana hana mutum noma ko kasuwa ko kula da ɗiyansa ne masana ke cewa a nemi taimako.

Kuma ba abin nesa ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici yana ɗauke da wata larura ta wannan fanni, daga mai sauƙi har mai tsanani. Mu a jihar nan ba mu manta da 21 ga Maris 2021 ba, ranar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Waɗanda suka tsira suna nan da rai. Ga samarinmu da ake zubarwa a Asamaka daga Aljeriya, ga waɗanda suka dawo daga Libiya ba su ƙara zama a majalisa ba.

4.
Waɗanda na gwada na ajiye, don kada mu maimaita.

Ciwon zuciya: an taɓa tambayata ko za a yi awon jini. Magana ta ƙare.

Damuwa: ta yi faɗi. Wanda hatsinsa ya ƙare a watan bakwai ma yana cikin damuwa.

Tashin hankali shi ne abin da ya faru, ba abin da ya bari ba. Firgita da razana da kaɗuwa duk na lokacin ne, kamar walƙiya. Ga shi kuma in ka ce yarinya tana firgita, kafin ka rufe baki an aika kiran mai ruƙiyya ko an fara zancen iskoki. Ban raina wannan ba, a Adar muke, amma ba shi takardarmu ke son faɗa ba. Ɗimuwa ta ɗan burge ni, sai dai mai ɗimuwa bai san gabas ba, su kuwa mutanen nan sun san komai sarai. Sanin ne ma ya hana su sakat.

Wadda na fi jin tsoro ita ce raunin zuciya, don ita ce fassarar da ta fi kusa, kuma na ga wasu sun fara rubuta ta. Rauni ciwo ne, gaskiya. Amma rauni kuma rashin ƙarfi ne. Ka ce wa magidanci ɗan shekara arba'in, wanda ya ratsa hamada da ƙafa, wai yana da raunin zuciya, ka zage shi. Wani ma raunin imani zai ji. Maza dama da ƙyar suke shigowa ɗakin nan, yawancinsu da sunan ciwon kai ko ciwon baya. Da wannan kalma ko ɗaya ba za mu ƙara gani ba.

5.
To ga inda na samo tawa, kuma ba ni na ƙirƙira ba.

Bayan kamar mako uku dattijuwar nan ta dawo, ɗiyarta ce ta lallaso ta. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Muna zaune a inuwa a waje, don ɗakin ya yi zafi, an kawo mata ruwa a moɗa. Sai wani ɗan kabu-kabu ya shigo layin a guje ya taka birki. Moɗar ta suɓuce, ruwan ya zube a kan zanenta, ta dafe ƙasa da hannu biyu kamar mai shirin tashi da gudu. Da ta dawo daidai sai ta yi ƴar dariyar kunya, tana matse bakin zane. Ta ce, "Ka gani ko, ɗana? Da moto sunka zo muna. Duk sa'ad da na ji kukan moto, kamar an hwama min miki."

Na juya wa Madam, ta ajiye biro ta ce in sake faɗa.

Miki. Ciwo ne buɗaɗɗe wanda bai warke ba tukuna. Ba a haihuwar mutum da shi, wani abu ne daga waje ya ji masa. Ba a zargin mai miki, ba a gudunsa, ba a ce masa mahaukaci. Kowa ya san in aka rufe shi da tsumma ba wanki, ruɓa yake ta ciki. Kowa kuma ya san wankin da zafi, kuma ba a yin sa da garaje. Sannan ana sa ran ya warke. Duk bayanin da Madam ke kwashe rabin awa tana yi, yana cikin wannan kalma tun kafin a haife mu.

Garaɓasar kuma ita ce fami. Masana suna da kalmarsu ta abin da ke tayar da ciwon, ƙara ko wari ko wata fuska, ni kuwa da dogon zance nake fassara ta. Ashe muna da ita a gida. Fami shi ne a taɓa ciwon da dama yana nan. Kukan moto fami ne. Warin hayaƙi fami ne ga wadda aka ƙona rumbunta. Tambayar da jami'i na biyar zai sake yi wa mace, "faɗa mana yadda aka yi," ita ma fami ce, kuma da ma masu cika takardu su ji wannan.

Don haka shawarata: mikin zuci. Abin da ke tayar da shi, fami.

6.
Na ga amsoshinku, na gode ƙwarai. Bari in ɗauki masu nauyi.

Masu cewa tabon zuci sun fi yawa, kuma ya fi daɗi a kunne, na yarda. Amma tabo ciwo ne da ya riga ya warke, sai alama. Wanda yake zabura cikin dare bai kai nan ba. Mu ajiye tabo don ƙarshen tafiya, ranar da mutum zai iya ba da labarin ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Wani abu kuma: yawancin wayoyinmu ba su da haruffa masu ƙugiya. Tabon da taɓin, a rubuce harafi ɗaya ya raba su, a rediyo mai shaƙewa kuwa kunnen da dama yake a tsorace ba zai tsaya bambancewa ba. Na sha wannan ruwan sau ɗaya, ya ishe ni.

Wata ƴar uwa ungozoma daga Ƙwanni ta ce a wajensu gyambo ya fi miki shiga baki. Haka ne, sai dai gyambo ya tsufa, yana wari, ana kauda kai daga gare shi. In dai za a yi amfani da shi, sai ga wanda ya shekara da shekaru, kuma tsakanin ma'aikata. Ni ba zan faɗa wa mai shi a fuska ba.

Wanda ya ce "miki" zai rikice da na "na faɗa miki": a baki ba su kama ba, wannan ana jan sa. A rubuce kuma "mikin zuci" ba ya da wata fassara ta biyu.

7.
Sai ɗan uwan da ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu ari kalmar kawai yadda muka ari moto da lakwal. Ba na gaba da aro, rabin abin da ke ɗakina sunan aro gare shi. Amma moto ana ganinsa, ko ba ka san sunan ba za a nuna maka. Wannan kuwa sunan ne kaɗai hanyar shiga. Ga shi kalmar ta riga ta sha ruwa a bakin ƴan lakwal: wanda ya faɗi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare ya ce an taramatize shi, wanda budurwa ta ƙi ɗaukar wayarsa ma haka.

Akwai abin da na lura da shi a wurin masu harshe biyu, malaman lakwal da ma'aikata da ɗalibai. Da Faransanci suke farawa, tsaf-tsaf, kamar masu karanta rahoton wani. Ni ina gefe ba aikin yi. Sai an zo daidai wurin, muryar ta canza, ka ji Hausa ta fito da kanta: "Wallahi a gabana aka yi." Daga nan aikina ya fara. Ban ce a hana kowa Faransancinsa ba, wani da shi yake samun inuwar da zai iya magana. Amma in ya sauko gida, ya kamata ya tarar da kalma tana jiransa. Tun da kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, irin waɗannan takardu za su yawaita. In ba mu zaɓa ba, wani a ofis a Yamai zai buɗe ƙamus ya rubuta raunin zuciya, a buga dubbai.

8.
Allah gafarta Malam, wanda ya tambaya ko wannan ba zai rage wa mutane tawakkali ba, na ji daɗin tambayar don a ɗakin ma ana yi mana ita. Ku kuka karantar da mu cewa Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Mai miki a ƙafa yana addu'a, yana kuma zuwa wanki. Abin da ya sa na guji "rauni" ke nan tun farko.

Likitan da ya ce abin a ƙwaƙwalwa yake ba a zuciya ba, ban musa ba. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya shigo ya dafa kai yana ba da wannan labari ba. Ƙirji suke dafawa. Kuma da ka ce ƙwaƙwalwa, mun koma bakin ƙofar da na kai Inna.

9.
Saura gwaji guda. Da yawa daga masu zuwa wurinmu Buzaye ne da Fulani da Larabawan arewa, Hausarsu ta kasuwa ce. Jiya na gwada wa wani abokina Buzu mai sayar da shayi kusa da tasha. "Zuci" ya gane nan take. "Miki" sai da na nuna masa tsohon ciwon da ke ƙaurina, sannan ya ce af, ya faɗi sunansa da Tamajak. Ke nan a takardar sai mun ƙara rabin layi: ciwon da bai warke ba, wanda ba a gani da ido.

Abin da zan kai wa Madam ranar Litinin: mikin zuci a kan takarda, fami a cikin bayani, tabo a sakin layi na ƙarshe inda ake maganar samun sauƙi. Mutanen Maradi da Damagaram, in "miki" yana da wata ma'ana a wajenku da ban sani ba, ku faɗa kafin Lahadi da dare. Masu turo mini fargaba da zullumi da taraddadi kuma ku riƙe su tukuna, na anxiété ne, zarensa daban.