Taƙaitawa: damben zamani da kallo ta intanet

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan damben zamani da kallonsa ta intanet:

1. Kusan kowa ya yarda kuɗin Saudiyya ne suka haɗa Usyk da Fury a Riyad a 2024. Da can masu shirya dambe sai jan ƙafa, kowa na ɓoye gwaninsa.

2. DAZN, manhajar kallon wasanni ta intanet: ka biya kuɗin wata, babban dambe ya zo a ce ƙara biya. Shawara, ka bincika kafin ka saki kuɗinka.

3. Nuna dambe a Netflix ya raba kawuna. Wasu sun yaba, tunda ba ƙarin kuɗi. Wasu har yanzu haushin tsayawar hoto a damben Tyson da Jake Paul suke ji (ni kam, wannan ai wasan kwaikwayo ne).

4. Damben Amurka sai goshin asuba a nan, a tanadi data da caji.