Gidan shaƙatawa manne da gidana: wa ke ba su lasisi a Sakkwato?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nike nema ga waɗanda sunka san kan doka. Gidan da ke manne da namu da can wani dattijo ne ciki da iyalinai, da ya rasu magada sunka sayar, wanda ya saya ya rushe ɗakunan tsakar gida ya kafa rumfa ya jera kujeru da fitilu masu launi, yanzu wata biyar ke nan daga bayan isha'i kiɗa ne har ƙarfe ɗaya, ranar Asabar har biyu. Ana shan shisha, ana fati.

Kun dai san zafin garin nan, watan Afrilu in babu wuta ba mai iya kwana cikin ɗaki, tabarma muke shimfiɗawa tsakar gida, to katanga ɗaya ce tsakaninmu da lasifikarsu, in sun ƙure sauti kwanon ɗakinmu har karkarwa shike yi. Tsohuwata na da hawan jini, sai ta zauna bakin gado riƙe da tasbaha har su tashi. Shekaranjiya zan tafi masallaci da asuba na iske kwalabe biyu cikin kwata ƙofar gidana, ban ce na ga ana sayar da giya da idona ba, amma kwalaben nan ba na lemo ba ne.

Mun sami mai wurin mu huɗu cikin mutunci, ya fiddo wata takarda mai hatimi ya ce lasisi ne, ya biya ƙaramar hukuma. Shin ƙaramar hukuma na da ikon ba mutum izinin buɗe irin wannan wuri tsakiyar gidajen iyali ba tare da an tambayi maƙwabta ba? Kuma ina za mu kai kuka?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na yi aiki sashen haraji na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, abin da zan fara ce maka shi ne ka koma ka karanta takardar nan da kyau, sau da yawa abin da ake nuna wa mutane rasit ne na kuɗin wurin sana'a na shekara, rasit kuwa shaida ce ta an biya kuɗi kawai.

Gaskiya ne kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi kula da shaguna da gidajen abinci, har da lasisin sayar da giya yana ciki. Amma mu nan tun shekarar 2000, zamanin Bafarawa, jiha ta ɗauki shari'a, don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa yana da takardar sayar da giya cikin unguwa. Sannan maganar mayar da gidan zama wurin kasuwanci ba ta ƙaramar hukuma ba ce, dokar filaye ta 1978 ta sa filin cikin birni a hannun gwamna, hukumar tsara birni ta jiha ita ke duba ko fili na zama ne ko na kasuwanci. Nan ne ƙarfinku yake. Ku tambaye shi takardar canjin amfani da fili.

Ku rubuta koke, magidanta su sa hannu da lambar gida, ku bi ta mai unguwa zuwa hakimi, kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da hukumar tsara birni da DPO, kowane ofis a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Kuma ku tabbatar wace ƙaramar hukuma kuke, mutane na ɗauka duk cikin gari Sakkwato ta Arewa ce ko ta Kudu, alhali Arkilla ƙarƙashin Wamakko take, takarda in ta je inda ba nata ba sai ta kwanta.

Ɗan Mabera:
Baba Allah ya saka da alheri, bayani ya fito. Amma Yaya Baban Hafsat ni roƙona kada a fara da maganar giya tunda kai da bakinka ka ce ba ka gani ba, kwalba wani na iya shigowa da ita cikin mota ya sha ya yar. Ni gidan kallon ƙwallo nike da shi, yara shida ke ci ƙarƙashina, na san yadda zargi guda ke rufe wa mutum abinci. Lokacin da maƙwabta sunka yi kuka da ni liman ya zaunar da mu, munka yi yarjejeniya, wasan Zakarun Turai ana tashi kusan sha ɗaya na dare, ana busa tashi nike kashe janareto, kuma na juya lasifika ta kalli titi. Har yau lafiya muke. Matasa na buƙatar wurin zama, in an rufe ko'ina kango za su koma, can kuwa ba mai ganin abin da suke sha.

Maman Ihsan:
Ƙanena ba a haɗa gidan ƙwallo da wannan ba. Kai sha ɗaya kake tashi, su biyu na dare. Mu ma mun sha irinta a layinmu, abin da ya fi ƙona min rai ba kiɗan ba ne ma, motoci ne da ake jerawa har bakin ƙofa, 'yata ta dawo daga islamiyyar dare sai ta ratsa tsakanin samari suna busa hayaƙi, har na hana ta zuwa, karatunta ya tsaya wata uku. Wa zai biya ni wannan? Ni ban ce kada kowa ya nemi halalinsa ba, ga manyan tituna nan irin su Ahmadu Bello Way, a je can. Kuma ya kamata kafin a karɓi ko kwabo a hannun mai irin wannan wuri a aiko a tambayi mutanen da za su kwana da shi. Malam ku ɗauki sautin a waya da lokaci a jiki, dare bakwai a jere, mu shi ya taimake mu gaban hakimi. In kun tabbatar da giyar, ga Hisbah nan an dawo da ita.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Ihsan tun daren jiya na fara ɗaukar sautin, 1:40 sunka kashe. Ɗan Mabera na ji maganarka, ba zan sa giya cikin koken ba sai na tabbatar. Mai unguwa ya ce mu zo gobe bayan la'asar, magidanta tara sun yarda za su sa hannu, biyu sun ƙi don mai wurin ɗan uwan matar ɗayansu ne. Baba, koken da Hausa za mu rubuta shi ko dole sai da Turanci?