Ina zan kai ɗalibaina su san garinsu?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Wannan zangon an sake ba ni darasin zaman lafiya da sasanta rikici, ɗalibai sun haura 150. Bara sun haddace, sun ci jarrabawa, amma da na tambayi aji waye kansilan mazaɓarsu, hannu huɗu kawai na gani. Abin ya tsaya min a rai. Bana so nake in fitar da su cikin gari. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya ɗora ni a hanya.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Malama. Ki dubi abin da sashen wasan kwaikwayo na ABU ya faro tun shekarun 1970, zamanin malamin sashen Michael Etherton, aikin da su Farfesa Oga Steve Abah suka ɗora a kai. Ɗalibai kan shiga Samaru ko ƙauyukan kewaye irin su Bomo, su zauna a majalisa da bakin rijiya, su ji abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, su ƙulla wasa a kai, sannan su koma su yi shi a dandali. Ana tsaka da wasa sai a tsaya a tambayi 'yan kallo, da ku ne me za ku yi? Ni na yi shi. Wani dattijo ya miƙe ya ce ba haka rigimar rabon taki take ba, ya gyara mana labarin tun daga tushe, muka sake wasan nan take. Har yau ban manta muryarsa ba.

Lauya: Mu a ɓangarenmu akwai ɗakin taimakon shari'a kyauta da ɗalibai ke gudanarwa. Ƙungiyar NULAI, wato haɗakar ɗakunan taimakon shari'a na jami'o'i, da aka kafa a 2003 ce ta yaɗa tsarin, Jami'ar Maiduguri na cikin na farko-farko, yanzu ABU da BUK duk suna da shi. Suna shiga gidan gyaran hali su tattauna da masu jiran shari'a, su nemo danginsu, su bi maganar beli. Naki ba ɗaliban shari'a ba ne, to ki ba su dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa ma'aikata takarda ya nemi bayani, doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Su rubuta da hannunsu, su kai, su karɓi hatimin shaida, su ƙirga kwanakin.

Baban Khalifa: Malama, ki yi haƙuri zan yi magana daga ɓangaren waɗanda ake zuwa wurinsu. Unguwarmu tana maƙwabtaka da wata babbar makaranta. Kusan kowace shekara sai yara sun zo da takardun tambayoyi. Mutum nawa ne a gidanku, ina kuke ɗibar ruwa, yara nawa ke makaranta. Mu shimfiɗa musu tabarma, mu ba su ruwa, su ɗauki hoton kwatarmu su tafi. Ko sau ɗaya ba wanda ya dawo ya ce ga abin da muka gano. Yanzu in mutane suka hango mai takarda, shigewa gida suke yi. In za ki tura su, ki fara zuwa da kanki wurin mai unguwa da liman. Ki tambaye su me suke so a duba, kada ki je da naki a rubuce. Cikin gida kuma ɗalibai mata ne za su shiga, don rabin maganar ruwa da asibiti tana bakin matan aure. Kuma ki sa ranar dawowa tun kafin a fara.

Maman Ummi: Baba, wallahi ka taɓo inda ban hango ba. Na gode ƙwarai.

Hajiyar Tamale: Maganar Baba ita ce. A nan Gana, jami'ar nazarin ci gaba ta UDS da aka kafa a 1992 ta raba shekara zango uku, na ukun a ƙauye ake yin sa. Ɗalibai daga sassa daban-daban su tare a gari ɗaya na makonni, su kwana can, su ci abin da ake ci, su rubuta halin garin tare da masu garin. Shekara mai zuwa garin dai za su koma. Ɗiyata ta yi, kuma da maki ake lissafa shi, shi ya sa ba mai wasa da shi.

Auta: Anti, ki gwada musu Tracka, shafin bibiyar ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT. Za su ga ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi, su taka su je su duba ko rijiyar burtsatsen tana nan ko a takarda ta tsaya. Ki ba su labarin Bagega ta Zamfara ma, yadda matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka dage har aka saki kuɗin kwashe gubar dalma a 2013.

Lauya: Auta, haka ne, amma a ja musu kunne. Su rubuta abin da ido ya gani, banda zargin mutum da suna, banda rigar jam'iyya.

Ɗan Samaru: Ni damuwata yawansu, ga tsadar mota, ga halin hanyoyi. 150 ba za su tafi wuri ɗaya ba.

Hajiyar Tamale: Ta raba su goma-goma, kowane rukuni ya ɗauki unguwar da ɗaya daga cikinsu ya fito. Ba kuɗin mota, kuma ɗan gida ne zai yi musu sallama.

Maman Ummi: Haka zan yi in sha Allah. Maki 20 daga na gwaji zan ware, 10 daga ciki sai rukuni ya koma ya karanta rahotonsa da Hausa a gaban mutanen unguwa. Gobe zan kai wa shugaban sashe. Baba, ko za a karɓi rukuni ɗaya a unguwarku?

Baban Khalifa: Ki zo ranar Asabar bayan la'asar, ni zan raka ki wurin mai unguwa. Maganar kwatar nan za su fara kawo miki.