Wata 4 tana shan bitamin B, zugin ƙafa bai lafa ba

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Mahaifiyata ta shekara 9 tana shan metformin saboda ciwon suga. Bara tafin ƙafarta ya fara zafi kamar an ɗora garwashi, barci ya gagara. Da aka auna jini, likita ya ce B12 ɗinta ya yi ƙasa, kuma maganin kan jawo haka.

Tun lokacin take shan ƙwayar da ta haɗa B1, B6 da B12, amma shiru. Hankalina ya ƙara tashi da na gane B6 ma idan ya yi yawa yana lalata jijiya. Allurar B12 za mu nema, ko sugan ne ya taɓa jijiyoyin? Wane gwaji zai bambance?