Taƙaitawa: Ƙwayoyin Gadon da ke Sarrafa Fitowar Sandar Iri a Funfuna

Ga abin da na tattaro daga bayanan da aka yi game da ƙwayoyin gadon da ke sarrafa fitowar sandar iri, wato siririn reshen da funfuna ke fitarwa don ya ɗauki irin da take yaɗuwa da shi, kuma yawancinsu sun shafi funfunar Aspergillus nidulans ne.

1. An yi ittifaƙi cewa mai son fahimtar lamarin ya fara da ƙwayoyin gado uku da ke aiki bi da bi, wato brlA, abaA da wetA. Idan brlA ta lalace, sandar takan yi ta tsawo ba tare da kanta ya kumbura ba, don haka ba ta fitar da iri; idan abaA ce, sassan da ke haifar da irin ba sa kammaluwa; idan kuwa wetA ce, irin yakan fito amma ba ya nuna, sai ya narke.

2. An ba da shawarar lura da haske da iska, domin haske yana ƙarfafa fitowar sandar, kuma wata ƙwayar gado mai suna veA na da hannu a ciki.

3. Saɓani ya taso kan sauran funfuna. Wasu na ganin tsarin ya game su, wasu suka ce brlA ba ta cikin funfunar Neurospora crassa, wadda ke dogaro da ƙwayar gado mai suna fl. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a ganina.