Annobar ɗa'un ta 1347: da gaske ɓera ne ya kawo ta?

Ɗalibar Tarihi, Garin Malam:
Assalamu alaikum malamaina. Muna karatun annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa, an ce ɓera ne ya yaɗa ta. To ga ɓeraye cike da rumbunanmu da shagunan Kasuwar Dole, me ya sa namu ba sa kashe kowa?

Malamin Birni:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ita ce ɗa'un ɗin da ya zo a hadisi. Ta biyo jiragen ruwan fatake daga Kaffa, a Kirimiya, ta sauka Messina ta tsibirin Sisili a Oktoban 1347. Kafin 1351 ta ci tsakanin sulusi da rabin mutanen Turai. Ma'aikata suka yi ƙaranci, kuɗin ƙwadago ya hau, har Ingila ta kafa doka a 1351 don danne shi.

Kada ki ɗauka ta Turawa ce kaɗai. Ta yi wa Alƙahira mummunar ɓarna. A Tunis ta kashe iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun. Shahararren matafiyi Ibn Baɗɗuɗa ya tarar da ita a Dimashƙa a 1348, inda mutane suka yi azumin kwana uku, sannan Musulmi da Yahudu da Nasara suka fito tare suna kuka da roƙon Allah. Shi ne fa wanda ya iso Takedda, a yankin Agadas, a 1353.

Ma'aikaciyar Lafiya, Zango:
Ƙanwata, ɓera abin hawa ne kawai, mai aika-aikar ƙuma ce. Ƙwayar cutar, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, tana toshe cikin ƙuma. Yunwa ta sa ƙumar ta yi ta cizo, jinin da ta tsotsa ya kasa wucewa, ta amayo shi cikin raunin tare da ƙwayar. Ɓeran ya mutu, jikinsa ya yi sanyi, sai ta koma kan mutum. Ɓeran da ba ya ɗauke da ƙwayar ba zai ba ki ɗa'un ba.

Bayan cizon, cikin kwana 1 zuwa 7 zazzaɓi ke rufe mutum, kaluluwa mai zafi ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya. In ba magani, 30 zuwa 60 cikin 100 na mutuwa. In cutar ta shiga huhu, tari ke yaɗa ta, kuma kusan babu mai tashi sai an fara magani cikin awa 24. Magungunan doxycycline da gentamicin na warkar da ita. Ba ta ɓace ba, ta kashe mutum sama da 200 a Madagaska a 2017.

Jami'in Tsabta, Sabon Gari:
Hajiya ta gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Inda ɗa'un ya ɓulla, ƙuma ake fara feshewa, bayan nan a bi ɓeraye. Wanda ya fara da gubar ɓera ya saki dubban ƙuma masu yunwa cikin ɗaki. In kuka ga ɓeraye na mutuwa barkatai ba wanda ya sa musu guba, kada yaro ya ɗauke su da hannu. A kwashe da shebur, a binne, a sanar da jami'an lafiya ranar.